Yadda Ake Fara Gidan Haya a Gombe, Daga Duba Fili Zuwa Karɓar Kuɗin Shekara

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Gombe ya san masu nema sun fi ɗakuna masu kyau yawa. Dalilan a fili suke. Tun da aka cire jihar daga Bauchi a 1996 ma'aikata suka fara taruwa a garin. Jami'ar jiha ta zo a 2004, ta tarayya da ke Kashere ta biyo baya a 2011, ga asibitin koyarwa na tarayya da Kwalejin Ilimi ta Fasaha a kan hanyar Ashaka. Sannan rikicin Boko Haram ya koro iyalai da 'yan kasuwa daga Borno da Yobe, da yawansu kuma sun zauna ke nan.

Amma in ka zaga bayan gari za ka ga gine-gine sun tsaya a linta shekara da shekaru, ciyawa ta cinye su, ka ga kuma sababbin gidaje da fenti mai ƙyalli a kulle babu kowa. Masu su ba rashin kuɗi ne kaɗai ya tsayar da su ba. Yawancinsu sun fara da sayen fili don an ce musu yana da araha, daga baya suka tsaya tunanin wanda zai zauna a ciki. Shi ya sa matakan nan suka fara da mutumin da zai biya hayar.

Mataki na farko: san wanda za ka gina wa

Kafin ka kira dillali ko ɗaya, yanke shawarar irin ɗan hayar da kake so, domin shi zai nuna maka unguwa da irin gini da yawan kuɗin da za ka kashe.

Ɗalibi yana son ɗaki ɗaya da bayinsa a ciki, inda zai taka da ƙafa zuwa aji. Wannan kasuwar tana kewayen jami'ar jiha, wajen Tudun Wada da Malam Inna, da kuma kusa da kwalejin da ke hanyar Ashaka. Ɗakunan ba sa daɗewa a rufe, amma ɓarna tana da yawa, kuma in aka shiga dogon yajin aiki za ka ji a jikinka. Ƙaramin ma'aikaci ko sabon ango yana neman ciki da falo da kicin da bayi, da ɗan tsakar gida inda matarsa za ta sake ba idon maƙwabci a kanta. Likita ko ma'aikacin banki ko malamin jami'a yana neman gida mai ɗaki biyu ko uku da wurin ajiye mota, kuma zai tambaye ka ruwa da wuta kafin ya tambayi kuɗi. Irin wannan yana biya da kyau, sai dai in ya tashi gidan kan yi watanni kafin a samu irinsa.

A ganina mai farawa ya nufi na tsakiyar, wato ciki da falo. Su ne suka fi yawa a garin, aure ba ya tsayawa, kuma in kana da sassa huɗu ɗaya ya tashi, ukun suna riƙe da kai. Wanda ya zuba duk jarinsa a gida ɗaya babba, ranar da ɗan hayarsa ya fita ba shi da ko sisi har sai wani ya shigo.

Sai ka fita ka tambayi kuɗin haya da bakinka, kamar mai neman inda zai zauna. Ka shiga gidaje biyar ko shida a unguwar da kake so, ka ga abin da ake samu a kan wane farashi, ka tambayi wata nawa ɗakin ya yi a rufe. Ka rubuta. Farashin da dillali zai faɗa wa mai son gini ya fi wanda zai faɗa wa mai son shiga, kuma na biyun shi ne na gaskiya.

Mataki na biyu: lissafi a takarda

Nan ne mutane ba sa son tsayawa, kuma nan ne ya fi kamata a daɗe. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai don ka ga yadda ake lissafin, kai sai ka sa na unguwarka da na ranar da kake ciki.

Mu ƙaddara ka sayi fuloti a miliyan 3. La'ada da takardu da katanga da get da ramin sokawe sun ci wata miliyan 3. Ka gina sassa huɗu na ciki da falo, kowanne miliyan 5, ya zama miliyan 20. Jimla miliyan 26. In kowane sashe yana kawo dubu 400 a shekara, kana ganin miliyan 1 da dubu 600. To cire dubu 100 na sashen da zai yi wata uku babu kowa, cire dubu 200 na gyara da fenti, cire wata dubu 100 ta yashe sokawe da kuɗin ƙasa da ɗan abin da za ka ba mai duba maka gidan. Abin da ya rage miliyan 1 da dubu 200. Wannan bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ka zuba ba, kuma a haka sai ka yi kusan shekara 22 kafin uwar kuɗin ta dawo.

Mai shago a babbar kasuwar Gombe zai iya juya miliyan 26 ta ba shi ribar da ta ninka wannan. To me ya sa ake gina gidan haya? Domin ƙasa tana ƙara daraja yayin da naira ke raguwa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin 100, wanda ya ajiye kuɗi a asusu ya ga yadda suka narke, mai fili da gini bai ga haka ba. Kuɗin haya ma yana hawa a hankali. Gida kuma ba ya ruɓewa a sito, kuma abu ne da iyali za su ci bayan ranka. Don haka ka ɗauki gidan haya a matsayin wurin adana dukiya mai ɗan kawo kuɗin shekara. Wanda ya fasa jarin kasuwancinsa gaba ɗaya ya zuba a bulo yana jiran ya yi arziki cikin shekara uku zai sha wahala.

Mataki na uku: inda kuɗin zai fito

Lissafin da ke sama ya riga ya amsa maganar bashin banki mai ruwa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Ko da mutum ya kawar da kai daga haramcin riba, gidan da ke kawo kashi 5 ba zai biya bashin kashi 30 ba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin saya maka kaya su sayar maka da riba sananniya, amma su ma ka zauna ka haɗa jimlar abin da za ka biya ka gwada da abin da hayar za ta kawo. Asusun gidaje na ƙasa da ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 na albashi an yi shi ne domin gidan da mutum zai zauna a ciki, kuma yana da nasa ruwan.

Abin da ya fi tafiya da mutanenmu shi ne adashi, da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata a ofis, da ribar kaka ga manomi, da kason gado, da kuɗin sallama ga wanda ya yi ritaya. Irin wannan kuɗi gutsi-gutsi yake zuwa, don haka ginin ma dole ya tafi kashi-kashi.

In haɗin gwiwa za ku yi da ɗan'uwa ko aboki, ku rubuta kason kowa tun ranar farko, da shaidu, da abin da za a yi in ɗaya yana son fita ko ya rasu. Mace kuma da ta tara kuɗinta, na gado ne ko na sana'a, sunanta za a sa a takardar, ko da mijinta ko yayanta ne ya je ya yi cinikin. Kunyar faɗin wannan ta raba mata da yawa da dukiyarsu ranar rabon gado.

Mataki na huɗu: ruwan sama da ruwan sha

A Gombe ruwa ne ke yanke hukunci a kan fili, ta fuska biyu.

Garin a kwari yake, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma da ƙarfi, ƙasar kuma a wurare da yawa yashi ce mai saurin zaizayewa. Kwarurrukan da suka ci gidaje a wajen Malam Inna da kewayen Kwalejin Ilimi ta Fasaha sai da aka yi manyan ayyuka da tallafin Bankin Duniya kafin a shawo kansu, kuma akwai ƙanana da yawa da ke ci gaba da faɗaɗa. Filin da ka gani a watan Fabrairu a shimfiɗe, a watan Agusta yana iya zama hanyar ruwa. Saboda haka in da hali ka duba fili da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka kalli inda yashi ya taru da inda ledoji suka maƙale a jikin ciyawa, nan ruwa ya bi. Ka dubi katangar maƙwabta daga ƙasa: in akwai layin danshi ko filasta ta zube har gwiwa, ka ga amsarka. Ka taka ka kai bakin kwarin da ya fi kusa, ka tambayi mazauna inda bakinsa yake shekara biyar da suka wuce.

Ka nemi dattijon da ya daɗe a layin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, don Allah ruwa yana kwanciya a nan da damina?" Sau da yawa ba zai tsaya dogon bayani ba, zai ɗaga sanda ya nuna maka, "Daga can yake zuwa, ya bi ta tsakiyar filin nan ya faɗa wancan ramin." Dillali ba zai faɗa maka wannan ba, ko da ya sani.

Fuska ta biyu ruwan sha. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, kuma bututu bai kai kowace sabuwar unguwa ba. A ɓangaren tudu, wajen Tumfure da abin da ya yi hanyar Bauchi, rijiyar burtsatse sai an yi haƙa mai zurfi da tsada, wasu kuma tanka suke saye. Ka tsayar da ɗan garuwa ka tambaye shi nawa yake sayar da kura a layin, kuma daga ina yake ɗebowa. In ya ce da nisa, to ka sani 'yan hayarka za su riƙa cire kuɗin ruwa daga abin da za su iya ba ka, matan gidan kuma su ne za su fara matsa wa mazajensu a tashi. Ka tambayi wanda ya haƙa burtsatse kusa mita nawa ya yi kafin ya samu ruwa, kuma ko yana kai wa watan Afrilu bai ƙafe ba.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuya: Keke Napep yana shiga layin da damina, akwai turakun wuta kusa, akwai makaranta da masallaci da wurin cefane. Ka guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da gefen da aka ware wa titi, komai arahar wurin.

Mataki na biyar: takardu

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, kuma babbar shaidarsa ita ce takardar mallaka ta gwamnati da aka fi sani da C of O, wadda yawanci ta shekara 99 ce ga gidan zama. In filin yana da ita, dokar ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi ga wani, ma'ana cinikinku bai kammala ba sai an yi rajistar canjin suna. A Gombe hukumar GOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, ita ke riƙe da bayanan filaye. Ka ɗauki lambar takardar ka je a bincika maka: sunan wa ke kai, an jinginar da filin a banki, akwai bashin kuɗin ƙasa, wurin na zama ne ko an ware shi don wani abu. Kuɗin binciken kaɗan ne in aka gwada da abin da zai tsare maka.

Sai dai yawancin filayen da mai farawa zai iya saye a bayan gari ba su da wannan takardar. Gona ce aka yanka fuloti-fuloti, da takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ko dagaci. Ba laifi ba ne a saya, amma aikin bincike ya koma kanka. Ka je wajen mai unguwa, wanda a wasu wuraren Gombe jauro ake ce masa, kai kaɗai ba tare da dillali ba. Bayan gaisuwa ka ce, "Ranka ya daɗe, filin nan na bayan makarantar allo, asalinsa na wane ne?" In ya ce, "Gonar marigayi ce, 'ya'yansa tara, ban dai ji an raba wannan ɓangaren ba," to ka dakata a nan. Filin gado da ba a raba ba shi ne ya fi kai mutane kotu. Ɗaya daga cikin magada zai sayar maka da rantsuwa cewa kasonsa ne, bayan ka kai linta sai wata 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari ta zo da sammaci. A fiƙihun Malikiyya ma abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da aka sayar maka. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko duk magada, maza da mata, su sa hannu.

Ka bi jerin hannayen da filin ya ratsa, daga mai gonar zuwa wanda ke sayar maka, kowane ciniki da takardarsa. Ka kai wa GOGIS takardun a duba ko wurin ya faɗa cikin filayen da gwamnati ta karɓa ta tsara, domin gwamnati tana iya karɓar wuri ta biya mai gona diyya, shi kuma ya ci gaba da yankawa yana sayarwa. Ka kawo safiyo ya auna a gaban maƙwabtan iyaka huɗu, a kafa duwatsun iyaka na siminti. Fulotin da aka ce ƙafa 50 ne a 100 yakan zama 45 a 90 in aka ja tef.

Ranar biya, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai filin da sunansa, ba na dillali ba. Lauya ya rubuta yarjejeniyar, shaidu daga ɓangarorin biyu su sa hannu, a maƙala hotuna. La'ada kuma a yi maganarta tun kafin ciniki, nawa ce kuma wa zai biya, don dillalai kan zama biyar a kan fili ɗaya ranar da kuɗi ya fito. Da ka karɓa ka fara neman takardar gwamnati da sunanka, ka kuma zagaye wurin ko da da bulo layi uku ne. Fili a buɗe shi ake sayarwa sau biyu.

Mataki na shida: gini

Wani zai ce ya fi sauƙi a sayi tsohon gida a Jekadafari ko Bolari ko Pantami a gyara. Yana da amfaninsa: unguwa ta riga ta cika, akwai wuta da hanya, hayar kuma tana farawa da wuri. In haka za ka yi, ka je da magini ya duba harsashi da katakon rufi saboda gara, ka kuma tabbatar an sallami 'yan hayar da ke ciki bisa ƙa'ida kafin ka biya, ko ku yi sabuwar yarjejeniya da su.

In sabon gini ne, ka samu mai zane ya tsara dukan fulotin tun farko, har da sassan da ba za ka gina bana ba, ka kai hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, a amince. Gini ba izini yana iya jawo jan fenti a katanga bayan ka kashe miliyoyi.

Tsarin aikin shi ne katanga da get, ramin sokawe, wurin tankin ruwa, sannan sassa biyu a gama su tsaf har fenti a sa mutane. Kuɗin hayarsu da adashinka na gaba su ɗaga sauran biyun. Wanda ya zuba harsashin sassa shida a lokaci ɗaya ya kai su linta kuɗi ya ƙare, ba abin da ke shigo masa, farashin kaya kuma ba ya jiransa. Bayan cire tallafin mai a 2023 siminti ya ninka kuɗinsa, kwano da rodi ma haka, duk da ga kamfanin Ashaka a cikin jihar.

Ka sayi kaya da kanka, ka ba birkila da kafinta jinga mataki-mataki: harsashi, zuwa linta, rufi, filasta. Kada kuɗi ya riga aiki. Bulo ka gwada shi kafin ka saya, ka karce shi da makulli, in yana zuba kamar gari ka bar shi. In a wurin za a buga maka, a shayar da shi ruwa safe da yamma har mako guda. Siminti kuma a saya daidai aikin da ke gaba, don yana daskarewa in ya sha danshi.

Akwai inda ba a rowa: harsashin da aka ɗaga sama da titi, kwano mai kauri, wayar wuta mai kyau, bututun bayi da sokawe mai girma, da lambatun da zai fitar da ruwan tsakar gida waje ba tare da ya shiga gidan maƙwabci ba. Akwai kuma inda kashe kuɗi asara ce, kamar silin mai ado da fitilu masu launi da tayil mai tsada a gidan dubu 400. Ɗan haya ba zai ƙara maka ko naira dubu goma saboda su ba. Abin da zai sa ya daɗe shi ne taga biyu masu fuskantar juna a kowane ɗaki saboda zafin Maris da Afrilu, rufi mai tsayi, ƙofar kowa daban, ɗan wurin hura gawayi a waje, igiyar shanya, da inda za a kulle babur da dare. In fulotin yana bakin hanya, ka fitar da shago ɗaya ko biyu a gaba. Shago ya fi ɗaki arahar gini, gyaransa kaɗan ne.

Wuta kuwa, ka nemi mitar kati daga kamfanin rarraba wutar lantarki na JEDC, kowane sashe da tasa in da hali. Mita ɗaya a gidan mutum huɗu rigima ce kullum, tsakanin mai firiza da mai fitila biyu. Bil na ƙiyasi kuma bashi yake tarawa a kan gidan, ɗan haya ya tashi ya bar ka da shi.

Mataki na bakwai: wanda za ka ba makulli

Ɗaki ya yi wata biyu a rufe ya fi a sa wanda zai shekara biyu bai biya ba. Ko dillali ne ya kawo mutum, ka zauna da shi da kanka. Ka tambaye shi cikin mutunci, "Malam, ina kake aiki? Ku nawa ne za ku zauna? A ina kake zaune yanzu, me ya sa za ka tashi?" Sannan ka nemi tsohon mai gidansa ko mai unguwarsu ka ji ta bakinsu. Ka nemi mai tsaya masa, mutum sananne a garin, da hoton katin shaida. Kada ka cakuɗa gwauraye da masu iyali a tsakar gida ɗaya, kowanne zai takura wa ɗaya. Gombe gari ne na ƙabilu da addinai daban-daban, kuma mai biya a kan lokaci mai zaman lafiya da maƙwabta ana samunsa a cikin kowa. Halinsa da hanyar samunsa za ka bincika.

Hayar ɗan'uwa ita ce mai wuya. In za ka taimaka masa, ka taimaka da niyyar taimako, ka cire sashen daga lissafin riba. In haya ce, ya sa hannu a takarda kamar kowa.

Yarjejeniyar ta faɗi kuɗi da ranar farawa da ranar ƙarewa, yawan mazauna, wanda ke da alhakin wane gyara, yadda za a raba kuɗin ruwa da shara da yashe sokawe, hana sa wani a ɗakin ba da izininka ba, da tsawon sanarwar tashi. Ka karɓi ɗan kuɗin ajiya saboda ɓarna, ka mayar in ya fita lafiya. Ranar shiga ku zaga tare, ka ɗauki hoton bango da ƙofofi da famfo da lambar mita. Duk kuɗin da ka karɓa ka ba da rasit.

Mataki na takwas: riƙon gida

Daga kowace haya da ta shigo ka ware kashi 10 zuwa 15 a asusu daban domin gyara, kada ka taɓa shi don biki ko Sallah. Kafin damina, wajen watan Afrilu, a hau rufi a duba ƙusoshi, a yashe lambatu. In ɗan haya ya kira ka kan yoyo, ka je a makon. Yoyon da kafinta zai toshe da kuɗi kaɗan, in ya kwana damina guda sai an sauya silin da katako.

Ƙarin haya a sanar da shi a rubuce watanni kafin shekara ta cika, kuma a yi shi kaɗan-kaɗan. Mai biya a kan lokaci da ke kula da gida ya cancanci ragi, domin in ya tashi za ka yi fenti, ka biya dillali, ka jira. Ma'aikaci da albashinsa ya makara ka yi masa uzuri, ku rubuta yadda zai biya kashi-kashi. Sauƙaƙa wa wanda ke cikin ƙunci abu ne da addini ya kwaɗaitar, kuma yawanci irin wannan mutum ba ya mantawa.

Wanda ya ƙi biya da gangan kuma, doka ce hanyarsa. In yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, mai hayar shekara ana ba shi sanarwar wata shida, mai hayar wata sanarwar wata ɗaya, bayan ta ƙare a ba shi ta kwana bakwai, sannan a je kotu. Cire ƙofa, kware kwano, yanke wuta ko watsa kaya waje duk suna mayar da mai gaskiya mai laifi, har ya biya diyya. Kafin kotu ka gwada mai tsaya masa da mai unguwa, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Ka riƙa biyan kuɗin ƙasa a kan lokaci kana ajiye rasit tare da takardun gidan, ka kuma ajiye hotonsu a waya da wajen wani amintacce. Zakka ba ta kan ginin da aka yi don haya, tana kan kuɗin hayar da ya taru in ya kai nisabi tare da sauran kuɗinka kuma shekara ta zagayo, sai ka tuntuɓi malami kan lissafin.

Ka buɗe littafi tun ranar da ka biya kafin alƙalami, kowace naira da ta fita da wadda ta shiga da kwanan wata. Bayan shekara biyu cur da mutane a ciki, ka raba abin da ya rage a hannunka a shekara ɗaya da jimlar abin da ka kashe. In ya kusanci lissafin da ka yi a mataki na biyu, ka ɗaga sauran sassan ko ka fara neman fili na biyu a unguwar da ka riga ka san ruwanta da mai unguwarta. In ya gaza sosai, littafin zai nuna maka inda kuɗin ke zurarewa, ko gyara ne, ko ɗaki a rufe, ko ruwan tanka, sai ka toshe wannan kafin ka ƙara bulo ko ɗaya.